Dorothy Hodgkin: Matar da ta gano surar fanisilin da insulin da hasken eksire

Duk wanda ya taɓa zagaya Kasuwar Dole ta Damagaram ya ga masu sayar da gishiri da kanwa. Ga kantun Bilma da ayarin raƙuma ke kawowa tun zamanin kakanni, ga mangul na ƙasar Manga, ga kanwa kashi-kashi. Idan mutum ya ɗauki ƙwayar gishiri mai tsabta ya duba ta da kyau a rana, zai ga tana da kusurwoyi da fuskoki masu santsi kamar an sassaƙa ta. Abin da ya ba ta wannan sura shi ne ƙwayoyin zarrar da ke cikinta, waɗanda suka jeru sahu-sahu bisa tsari guda mai maimaita kansa. Duk abin da ke da irin wannan tsari, masana kimiyya na kiran sa kiristal.

Akwai wata mata 'yar Ingila da ta shafe fiye da shekara 50 tana karanta irin wannan tsari ta hanyar haska shi da hasken eksire, wato hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, wanda a Nijar aka fi sani da radiyo. Sunanta Dorothy Crowfoot Hodgkin. Ita ce ta gano yadda ƙwayoyin zarra suka zauna a cikin fanisilin da bitamin B12 da insulin, magunguna uku da har gobe likitoci ke rubuta wa marasa lafiya daga Damagaram har Kano.

A 1964 aka ba ta lambar yabo ta Nobel a fannin kimiyyar sinadarai, ita kaɗai ba tare da an haɗa ta da kowa ba. Rayuwarta kuma tana da alaƙa da Afirka fiye da yadda mutane da yawa suka sani: a Masar aka haife ta, a Sudan ta yi gwajin sinadarai na farko mai ma'ana, a Gana kuma labarin Nobel ya riske ta.

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi Dorothy Mary Crowfoot a Alƙahira ranar 12 ga Mayun 1910, shekara guda kafin Faransawa su mayar da Damagaram hedkwatar yankin mulkin sojansu na Nijar. Mahaifinta, John Winter Crowfoot, ma'aikacin ilimi ne a gwamnatin Masar a lokacin. Daga baya ya zama daraktan ilimi na Sudan kuma shugaban Kwalejin Gordon da ke Hartum, wadda ita ce tushen Jami'ar Hartum ta yau. Mahaifiyarta, Grace Mary, da aka fi sani da Molly, ba ta yi jami'a ba, amma ta koyi ilimin tsirrai da kanta, ta zana furannin Sudan, ta kuma zauna da mata masu kaɗi da saƙa ta koyi sana'arsu har ta zama gwana a sanin tufafin mutanen da.

Dorothy ce babba cikin 'ya'ya mata huɗu. Tana da shekara 4 Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, sai aka bar ta da ƙannenta biyu a Ingila kusa da kakanninsu, iyayen suka koma bakin aiki. Daga nan ba ta sake zama da iyayenta biyu na dogon lokaci ba, sai dai ziyara da wasiƙa. Duk ɗan ci-ranin da ya bar 'ya'ya a gida, da duk yaron da ya tashi iyayensa suna wata ƙasa, sun san irin wannan rayuwa. Yaƙin ya kuma ci 'yan'uwan mahaifiyarta maza har huɗu. Wannan rashi ya sa uwar ta tsani yaƙi, tsanar da 'yar ta gada har ƙarshen ranta.

Tana da shekara 10 aka koya musu a wani ƙaramin aji yadda ake narkar da alif, wanda muke tace ruwa da shi, a bar shi kwanaki har ya daskare ya fito da kusurwoyi masu ƙyalli. Tun daga ranar kiristal ya shiga ranta. A 1921 ta shiga makarantar Sir John Leman da ke garin Beccles. A can darasin sinadarai na maza ne, mata kuwa girki da ɗinki ake tura su. Ita da wata ƙawarta ne kaɗai aka amince su zauna da mazan.

A 1923 ta kai wa iyayenta ziyarar watanni a Hartum. A wani magudanar ruwa da ke lambun gidansu ta tsinci wani baƙin ma'adini mai sheƙi. Ta kai wa abokin mahaifinta, Dokta A. F. Joseph, masanin sinadarai da ke aiki da gwamnatin Sudan, ya nuna mata yadda za ta gwada shi, suka gano cewa ilmenait ne, ma'adinin da ke ɗauke da ƙarfe da titaniyam. Da za ta koma Ingila ya ba ta akwatin kayan gwaji, ta kafa ɗan ɗakin bincike a saman gidansu. Bayan 'yan shekaru mahaifiyarta ta ba ta kyautar wani littafi na William Henry Bragg, wanda ya bayyana wa yara yadda hasken eksire ke tona asirin cikin kiristal. Wannan littafi ne ya nuna mata hanyar da za ta bi.

Yadda ake karanta abin da ido ba ya gani

Don fahimtar aikinta sai an san ƙanƙantar abin da ake magana a kai. Idan aka raba milimita ɗaya gida miliyan ɗaya, kashi ɗaya shi ake kira nanomita. A cikin gishiri, tazarar da ke tsakanin ƙwayar sodiyam da ƙwayar kulorin da ke maƙwabtaka da ita kimanin kashi 28 cikin 100 ne na nanomita ɗaya. Hasken da idonmu ke gani yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, kuma tsawon igiyarsa daga nanomita 400 ne zuwa 700. Ya yi kauri ƙwarai, ba zai iya nuna abu mai wannan ƙanƙanta ba, ko da wane irin madubin likita aka yi amfani.

Hasken eksire, wanda Bajamushe Wilhelm Röntgen ya gano a 1895, tsawon igiyarsa gajere ne ƙwarai. Wanda ake samu daga jan ƙarfe, misali, kimanin kashi 15 cikin 100 ne na nanomita, wato daidai wa daida da tazarar ƙwayoyin zarra. A 1912 Max von Laue da abokan aikinsa a birnin Munich suka haska shi a kan kiristal, sai suka ga ya watse ya bar ɗige-ɗige a jere a kan farantin hoto.

Mai karatu zai iya ganin irin wannan da idonsa. Da dare, ka sa siririn mayafi mai ƙananan ramuka a gaban idonka ka kalli wata fitila mai nisa. Za ka ga hasken ya rabu ya zama ɗigogi a jere kamar gicciye. Zaren mayafin da ke maimaita kansa ne ya watsa hasken. Idan saƙar ta fi matsewa, ɗigogin sai su ƙara nisa da juna. Idan ta fi buɗewa, sai su matso tsakiya. Ke nan wanda bai ga mayafin ba zai iya auna ɗigogin ya faɗi yadda aka saƙa shi. Haka kiristal yake ga hasken eksire.

Wani saurayi ɗan shekara 22, William Lawrence Bragg, ɗan marubucin littafin da aka ba Dorothy, shi ya fito da lissafin da ya haɗa kusurwar da hasken ya karkata da tazarar sahun ƙwayoyin zarra. A 1913 ya yi amfani da shi ya gano tsarin gishiri, a 1915 kuma shi da mahaifinsa suka raba Nobel.

Gishiri kuwa mai sauƙi ne, ƙwayoyi iri biyu ne kawai ke musayar wuri. Magunguna da sinadaran jiki dunƙule ne na ƙwayoyin zarra gommai ko ɗaruruwa, wanda ake kira molikul. A nan matsala take. Hoton yana nuna ƙarfin hasken kowane ɗigo, amma ba ya nuna lokacin da igiyar kowane ɗigo ta tashi ko ta sauka. Kamar a faɗa wa mutum ƙarfin amon kowace ganga a taron makaɗa, a ɓoye masa lokacin da kowace ke faɗuwa, sannan a ce ya haɗa kiɗan. Dabarar da aka fi dogara da ita ita ce a samu wata ƙwayar zarra mai nauyi a cikin molikul ɗin, wadda take watsa haske fiye da sauran. Idan aka gano mazauninta, sai ta zama kamar kuka a dokar daji, daga gare ta ake auna inda sauran suke. Ana yin hasashe, a yi lissafi, a zana taswira, a gyara, a sake. A zamanin da babu kwamfuta, zagaye ɗaya na wannan lissafi yakan ci makonni.

Oxford, Cambridge da ciwon hannu

Shiga Jami'ar Oxford a lokacin sai da harshen Latin, makarantarsu kuwa ba ta koya mata shi ba, don haka sai da ta nemi malami na musamman. Kafin ta fara karatu a 1928, ta je wurin iyayenta a Jerash da ke Jodan ta yau, inda mahaifinta ke aikin tonon kayan tarihi. Aikin da aka ba ta shi ne kwafe zanen daɓen tsofaffin majami'u da aka yi da ƙananan duwatsu masu launi, zane mai maimaita kansa wanda ke buƙatar ido da natsuwa. Ta ji daɗin aikin har ta yi tunanin barin kimiyya, amma ta daure ta shiga Kwalejin Somerville, ta mata zalla, ta fita da digiri mai daraja ta ɗaya a 1932.

Daga nan ta tafi Cambridge wurin John Desmond Bernal. A 1934 aka kawo wa Bernal kiristal na pepsin, sinadarin da ke narkar da abinci a ciki, wanda yake cikin dangin furotin. Waɗanda suka gwada furotin a baya ba su samu komai ba sai dishi-dishi, saboda suna barin sa ya bushe, tsarinsa ya rushe. Bernal ya haska shi yana jiƙe cikin ruwansa, ɗigogi suka fito tar, Dorothy ta ci gaba da ɗaukar hotunan da aunawa. Wannan ne karo na farko da aka tabbatar cewa furotin yana da tsari tsayayye da za a iya karantawa.

A wannan shekara ce, tana da shekara 24, ta fara jin ciwo a gaɓoɓin hannunta. Amosanin gaɓɓai ne mai tsanani, wanda ba shi da maganin warkewa. Ya ƙara tashi bayan haihuwarta ta fari a 1938, a hankali ya lanƙwasa yatsunta ya kumbura ƙafafunta. Ga shi kuwa aikinta shi ne ɗaukar kiristal da bai kai ƙwayar gero ba ta liƙa shi a bakin siririn gilashi. Da ta kasa murɗa makunnin na'urar eksire, sai aka haɗa mata dogon mariƙi, ta ci gaba da aiki.

Ta koma Oxford a 1934 tana koyarwa a Somerville. Ɗakin bincikenta yana ƙarƙashin ginin gidan tarihin jami'ar, wuri mai duhu. Madubin da take duba kiristal da shi yana kan wani dandamali kusa da taga, sai ta hau tsani da kiristal a hannu kafin ta kai gare shi. Ƙungiyar masana sinadarai ta jami'ar kuma ta daɗe ba ta barin mata su halarci zamanta na bincike. A Disambar 1937 ta auri Thomas Hodgkin, suka haifi 'ya'ya uku.

Fanisilin a tsakiyar yaƙi

Alexander Fleming ya gano fanisilin a 1928, amma Howard Florey da Ernst Chain da abokan aikinsu a Oxford ne suka mayar da shi magani a farkon Yaƙin Duniya na Biyu. Ana samun sa ne kaɗan-kaɗan daga wani nau'in funfuna, sojoji kuma na mutuwa da ruɓewar rauni. Ana son a san surarsa don a iya haɗa shi a masana'anta, sai dai manyan masana sun rabu biyu. Wasu, ciki har da Robert Robinson, babban farfesan sinadarai na Oxford, suna ganin sura ɗaya. Chain da Edward Abraham suna ganin akwai wani zobe mai ƙwayoyi huɗu a ciki, uku na kabon ɗaya na naitirojin, abin da da yawa ke ganin ya matse da yawa, ba zai iya tsayuwa ba.

Dorothy da ɗalibarta Barbara Low suka fara aikin a 1942. Suka haɗa kai da Charles Bunn na kamfanin ICI, suka kwatanta kiristal iri uku na maganin, masu ɗauke da sodiyam da fotasiyam da rubidiyam, suka yi amfani da injin lissafi mai aiki da katunan da aka huda. A 1945 taswirar ta fito, zoben mai ƙwayoyi huɗu yana nan daram. Saboda sirrin yaƙi ba a wallafa sakamakon ba sai 1949.

Wannan matsattsen zobe shi ne makamin maganin. Da yake a takure yake, yana saurin ɓallewa ya maƙale wa sinadarin da ƙwayar cuta ke gina bangonta da shi, sai bangon ya fashe. Sanin haka ya buɗe ƙofar ƙera 'yan'uwansa irin su ampicillin da amoxicillin. A 1961 ɗakin bincikenta ya kuma tabbatar da surar cephalosporin C, kakan dangin da ceftriaxone ya fito daga ciki, allurar da ake yi wa masu sanƙarau idan annoba ta ɓarke a Nijar da arewacin Najeriya. Ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani kuwa, da yawansu wannan zoben suke tsinkewa, shi ya sa likitoci ke gargaɗi kan shan irin waɗannan magunguna barkatai.

A 1947 aka zaɓe ta cikin ƙungiyar manyan masana kimiyya ta Birtaniya, Royal Society, shekara biyu kacal bayan ƙungiyar ta fara karɓar mata.

Jan kiristal mai maganin ƙarancin jini

A 1948 Lester Smith na kamfanin Glaxo ya kawo mata wasu jajayen kiristal da aka tace daga hanta. Bitamin B12 ne, wanda ake samu a nama da hanta da madara da ƙwai, wanda rashinsa ke haddasa wani mugun ƙarancin jini da lalacewar jijiyoyi. Fanisilin yana da ƙwayoyin zarra kimanin 40, B12 kuwa yana da 181, kuma masana sinadarai ba su san surar mafi yawansa ba. Da yawa sun ɗauka aikin ya fi ƙarfin hasken eksire.

Abin da ya ba ta ƙwarin gwiwa shi ne ƙwayar kobalt guda ɗaya mai nauyi da ke tsakiyarsa. Ita da ɗalibanta, ciki har da Jenny Pickworth, suka auna dubban ɗigogi da ido, ɗaya bayan ɗaya. Wani Ba'amurke, Kenneth Trueblood na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, ya yi tayin yi musu lissafi da ɗaya daga cikin kwamfutocin farko na duniya, mai suna SWAC. Alƙaluma suka riƙa kai-komo tsakanin Ingila da Amurka ta gidan waya da telgiram. Bayan shekara takwas, a 1956, cikakkiyar surar ta fito, da wani irin zobe kewaye da kobalt wanda ba a taɓa sanin irinsa ba.

Labarin Nobel a Gana

Mijinta Thomas Hodgkin ya taɓa aiki da gwamnatin mulkin mallakar Birtaniya a Falasɗinu, ya ajiye aikin a 1936 saboda bai yarda da yadda ake murƙushe Larabawa ba. Daga 1947 ya fara zuwa Afirka ta Yamma, ya zama ɗaya daga cikin Turawan farko da suka dage cewa Afirka tana da rubutaccen tarihi tun kafin zuwan Bature. A 1960 ya fitar da littafin Nigerian Perspectives, inda ya tattaro nassoshi daga Tarihin Kano da rubuce-rubucen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Abdullahi na Gwandu da Muhammadu Bello. A 1962 ya zama daraktan Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon, zamanin Kwame Nkrumah. Cibiyar ta tattara ɗaruruwan rubuce-rubucen Larabci da na Hausar ajami, ciki har da na Alhaji Umaru na Kete-Krachi, malamin nan haifaffen Kano.

Dorothy takan je ta yi watanni a wurinsa, kuma tana can a ƙarshen Oktoban 1964 aka sanar cewa ita ce ta ci Nobel. Ita ce mace ta uku da ta samu lambar a fannin sinadarai, bayan Marie Curie a 1911 da 'yarta Irène Joliot-Curie a 1935. Wasu jaridun Ingila sun ba da labarin ne a matsayin nasarar wata matar aure mai 'ya'ya uku, kamar ba farfesa ba ce. A 1965 Sarauniyar Ingila ta ba ta lambar Order of Merit, wadda kafin ita mace ɗaya ce ta taɓa samu, wato Florence Nightingale.

Shekara 35 a kan insulin

Aikin da ya fi daɗewa a hannunta shi ne insulin, sinadarin da jiki ke sarrafa sukari da shi, wanda masu ciwon sukari da yawa ba sa rayuwa sai da allurarsa. Tun 1934 Robert Robinson ya ba ta ɗan samfurinsa. Ta yi ta fama har ta samu kiristal da ya isa a haska, ta wanke hoton cikin dare ta ga ɗigogi, murna ta hana ta zama, ta fita tana yawo a titunan Oxford. Da asuba kuma shakka ta kama ta, ko wani gishiri ne kawai ta haska, sai ta koma ɗakin bincike ta gwada ta tabbatar furotin ne.

Hoton ya samu, amma karanta shi ya gagara. Insulin yana da ƙwayoyin zarra kusan 800, kayan aikin wancan zamani ba za su iya ba. Ta ajiye shi ta yi fanisilin da B12, tana komawa kansa lokaci-lokaci. A 1955 Frederick Sanger na Cambridge ya gano jerin tubala 51 da aka gina insulin da su. Kwamfutoci suka ƙara ƙarfi, aka kuma koyi yadda ake cusa ƙwayoyi masu nauyi irin su dalma cikin kiristal ɗin. A 1969 ita da matasan da ke aiki da ita, ciki har da Guy Dodson da Eleanor Dodson da Tom Blundell da M. Vijayan ɗan Indiya, suka kammala taswirar. Ta nuna molikul shida na insulin sun dunƙule kewaye da ƙwayoyin tutiya biyu. Ta fara aikin tana da shekara 24, ta gama tana da 59. Hausawa na cewa mai haƙuri yakan dafa dutse.

A wannan dunƙule na shida jiki ke ajiye insulin, kuma sai ya warware zuwa ɗai-ɗai kafin ya yi aiki. Sanin wuraren da suke manne da juna ne ya ba masana damar sauya tubali ɗaya ko biyu, su samar da insulin mai saurin aiki da ake yi dab da cin abinci, wanda na farkonsa ya shiga kasuwa a 1996, da kuma mai daɗewa a jiki.

Siyasa da suka

Dorothy mai ra'ayin gurguzu ce a zuciya, mijinta da malaminta Bernal kuma sun yi zama a jam'iyyar kwaminis. Saboda haka a 1953 Amurka ta hana ta biza. Ta yi adawa da yaƙin Biyetnam, ta ziyarci ƙasar Sin sau da yawa tun daga 1959, kuma daga 1976 zuwa 1988 ta shugabanci ƙungiyar Pugwash ta masana kimiyya masu yaƙi da makaman nukiliya. Ɗaya daga cikin ɗalibanta a Somerville, Margaret Roberts, ita ce ta zama Firaminista Margaret Thatcher. Ra'ayinsu ya yi hannun riga, amma Thatcher ta rataya hoton malamarta a fadar gwamnati, takan kuma saurare ta kan batun Tarayyar Sobiyet.

Ba ta tsira daga suka ba. Masu sukarta sun ce kyakkyawan zatonta ga ƙasashen gurguzu ya rufe mata ido daga zaluncin da ake yi a cikinsu. Ta karɓi lambar zaman lafiya ta Lenin a 1987, ta kuma rubuta gabatarwa ga wani littafin kimiyya mai ɗauke da sunan Elena Ceaușescu, matar shugaban Romaniya, wanda daga baya ta bayyana cewa wasu ne suka yi mata aikin.

Rasuwarta da abin da ta bari

Thomas ya rasu a 1982. Ita kuwa ciwo ya kai ta ga keken guragu, amma a 1993 ta dage sai da ta halarci taron masana kiristal na duniya a Beijin. Ta rasu ranar 29 ga Yulin 1994 a gidanta da ke ƙauyen Ilmington, tana da shekara 84, bayan bugun jini.

Hanyar da ta taimaka wajen sharewa ta zama babbar hanya. Rumbun da ake ajiye surar furotin na duniya ya fara da guda 7 a 1971, yanzu ya haura 200,000, kuma mafi yawansu da hasken eksire aka gano su. Da irin wannan haske ake auna tsarin siminti da ƙarfe da batirin waya, har da laka irin wadda aka gina gidajen unguwar Birni da ita, domin laka ma faranti-faranti ce a jere, wani nau'inta tazarar farantansa kimanin kashi 70 cikin 100 ne na nanomita. Idan tsarin ya fi girma, kamar na roba ko jijiya, ɗigogin sukan matso tsakiya kamar na mayafi mai buɗaɗɗiyar saƙa, sai a auna su da dabarar ƙaramar kusurwa da Bafaranshe André Guinier ya assasa a ƙarshen shekarun 1930.

A yau ana samun hasken mafi ƙarfi ne daga wasu manyan na'urori masu siffar zobe da ake kira sinkurotiron. Akwai su a Turai da Amurka da Asiya da Ostireliya da Birazil, an buɗe ɗaya a Jodan a 2017, amma babu ko ɗaya a Afirka. Masana 'yan Afirka sun yi taron farko na neman gina tasu a 2015, kuma a birnin Grenoble na Faransa aka yi taron. A Kwatano ta Jamhuriyar Benin, maƙwabciyar Nijar, an fara horar da matasa kan wannan fasaha a cibiyar X-TechLab tun 2019.

Ɗalibin kimiyya a Jami'ar André Salifou ta Damagaram ko Jami'ar Bayero ta Kano da ke son wannan fanni, akasari sai ya fita waje. Haka Vijayan ya fita daga Indiya ya je Oxford. Bayan an gama aikin insulin ya koma gida a 1971, ya zauna a Cibiyar Kimiyya ta Indiya da ke Bangalore, ya shafe shekaru yana neman kuɗi da kayan aiki har ya kafa wannan fanni a ƙasarsa. Ɗaliban da ya horar su ne suka buɗe ɗakunan bincike a wasu biranen Indiya.